Wankin Hannun Bakanike

Ni mai aski ne, kuma ko silin gashi babu a kaina. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin mutumin da nake: kullum ina ba mutane shawara a kan abin da ba ni da shi. Amma ba labarina zan ba ka ba, ko da yake za ka ga ina ta cusa kai a ciki, don haka Allah ya yi ni. Labarin ƙanena ne, wanda duk unguwa ke kira Shiru.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni ne babba. Inna takan ce ranar da aka yi rabon baki ni na riga shi zuwa, na karɓi nawa na haɗa da nasa. Tun muna yara ni ne bakinsa. In aka aike shi kanti sai ya tsaya yana kallon kaya har in iso in faɗi abin da aka aiko shi. Ko matar da ya aura, ni na yi ta zuba mata zance a madadinsa, shi yana gefe yana juya makullin babur a yatsa, har ranar da ta ce, "Yaya, don Allah ka ɗan dakata in ji abin da shi zai ce." Na dakata. Shi ma bai ce komai ba. Can sai ta ce to, ta ji, ta amince. Har yau ban san abin da ta ji ba.

Bakaniken manyan motoci ne. Garejinsu yana bayan shagona, katanga ɗaya ta raba mu. Ba wani ƙaton mutum ba ne, amma hannuwansa kamar an aro su daga jikin wanda ya ninka shi. Baƙin mai ya shige layukan tafinsa da ƙarƙashin faratansa ya zauna, ya yi gida, ya tara iyali. Kuma yana da wata ɗabi'a: in ya shige ƙarƙashin mota sai ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, ba waƙa ba, ba magana ba, kamar injin da aka bari yana silo. Ta katanga nake jiyo shi ina aski. Ranar da ban ji ba, na san bai fito ba.

Sun daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba. Da cikin ya samu, Shiru bai faɗa wa kowa ba, sai dai na lura gurnanin ya ƙara ƙarfi. A wata na bakwai hawan jini ya taso wa matarsa, aka garzaya da ita asibiti, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Uwar aka kwantar a hawa na sama, jikinta ya ƙi daɗi, zazzaɓi ya biyo bayan ɗinki. 'Yar kuma aka sa ta a kwalba.

Ɗakin 'yan bakwaini yana ƙarshen wani dogon baranda. Ƙofa biyu ce, a tsakaninsu akwai famfo da sabulu da shuɗayen riguna a rataye, sai wata babbar taga ta gilashi inda dangi ke tsayawa su leƙa. A ciki kwalaben suna jere, na'urori suna ta ɗan kukansu. Aka nuna mana tamu. Na ga ƙananan jarirai a rayuwata, amma wannan hular da aka sa mata ko kan kilifar askina ba za ta rufe ba. Cinyarta ba ta kai ɗan yatsan ubanta kauri ba. Ga roba a hanci, ga waya a tafin ƙafa mai jan haske, ƙirjinta yana sama yana ƙasa da sauri kamar na ɗan tsuntsu. Ni kuwa in tsoro ya kama ni ta baki yake fita. Na ce, "Ka ga ikon Allah, wannan ce ta farko a danginmu da ta taɓa zuwa wani wuri kafin lokaci." Nan take na sa mata 'Yar Gaggawa, sunan kuma ya bi ta.

Mai kula da ɗakin wata gajeriyar nas ce mai tabarau a igiya, kowa Sista yake ce mata. Ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuna laifinka. Ta fito ta ce, "Wane ne uban?"

Na ce, "Ga shi nan, amma ni za ki yi wa bayani. Ni ne bakinsa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, bakinsa, saurara." Ta ce yarinya ba za ta tafi gida ba sai ta daina manta numfashi, ta iya tsotso da kanta, jikinta kuma ya riƙe ɗumi a wajen kwalba. Ta ce magani suna ba ta, na'ura tana gadi, amma akwai abin da ke taimaka wa irin waɗannan sosai: a kwantar da su a ƙirjin uwa, fata da fata, su ji ɗumi da bugun zuciya. Uwa ba ta iya saukowa yanzu, don haka uba ne zai yi. Sai ta ce wa Shiru, "Miƙo hannu in gani."

Ya miƙa. Ta juya su gaba da baya kamar mai taya kaya.

"Ba da waɗannan ba. Ka je ka fitar da baƙin nan tas, sannan ka dawo."

Washegari Shiru ya wanke hannu irin yadda kowane bakanike ya san ana wankewa in za a je wuri mai daraja: ya tsoma su a fetur, ya dirje da yashi da garin sabulu, ya ƙara fetur don ya tabbatar. Ya zagayo shagona ya nuna min. Baƙin ya ɗan ja baya, amma mutumin da nake yi wa aski ya ce a buɗe taga. To nan ne gwanintata ta motsa. Na ce, "Kada ka damu, wari ai aikina ne." Na ɗauko turaren da nake fesa wa mutane bayan aski, na yi masa wanka da shi daga gwiwar hannu zuwa farce. Na shinshina na ce yanzu ko ɗakin tiyata ya shiga.

Ba mu kai rabin baranda ba Sista ta leƙo. "Wa ya shigo da janareta?"

Da ta gane, ta tare ƙofa da jikinta. "Malam, akwai oksijin a ɗakin nan. So kake ka tashe mu duka? Fetur ɗin na fahimta, aikinka ne. Turaren fa, shawarar wa?"

Shiru ya juyo ya dube ni a hankali. A duk zamanmu, ranar ce shirunsa ya fara kai ƙarata.

Inna ce ta kawo mafita. Ta ce ba fetur, ba yashi, abin da ke fitar da baƙin hannu wanki ne; hannu ya yi 'yan kwanaki cikin kumfa yana cuɗa tufafi, ko me ya shige shi zai fito. Shiru ya ɗauki hutu a gareji, ya kafa baho a bayan ɗakinsa. Ya wanke zannuwan matarsa da ake kawowa daga asibiti, ya wanke na Inna, ya wanke nasa. Kafin azahar kayan suka ƙare, ya zauna yana kallon bahon.

Ɗan'uwa ba ya ganin ɗan'uwansa cikin buƙata ya kau da kai. Na kwaso tawul-tawul ɗin shago da mayafan da nake ɗaura wa mutane a wuya. Washegari na kawo kayan makarantar yarana. Matata da ta ji labari ta cire labulayen falo da ba a taɓa saukewa ba tun da aka rataye su, ta haɗa da bargo. Ina sauke masa ƙunshin ina cewa, "Saboda 'yarka nake wannan wahalar, ka sani." Ya ce, "Na gode, Yaya." Kuma da gaske yake, abin da ya ɗan dame ni ke nan, amma bai hana ni komawa in duba ko akwai sauran zanen gado ba. Maƙwabta suna wucewa suna tsokanarsa, wai ya canza sana'a, a kawo masa nasu. Shi dai cuɗa kawai yake yi.

Kullum da hantsi yakan ajiye wankin ya tafi asibiti. Ya hau sama ya gaida matarsa, ya karɓi ɗan nonon da ta tatsa a ƙaramin kofi mai murfi, ya sauko da shi da hannu biyu yana taka matakala kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya miƙa wa Sista daga bakin ƙofa. Da sirinji ake ɗura mata ta robar hanci. Daga nan sai ya koma taga ya tsaya. Yana iya tsayawa a wurin har ƙafar wani ta gaji a madadinsa.

'Yar Gaggawa tana ta nata ƙoƙari. Aka cire mata babban abin numfashi aka bar mata siririyar roba. Sikeli yau ya hau, gobe ya ɗan sauka, jibi ya hau. Amma mantuwar numfashin ba ta bari ba. Wata rana ina tsaye a taga na ga ƙirjin ya tsaya cak, na'ura ta ɗauki ƙara. Sista ta taho ba gudu ba, ta sa hannu ta ramin kwalba ta shafa tafin ƙafarta da yatsa, yarinya ta ja iska ta ci gaba kamar ba ita ba. Ni kuwa na tsinci kaina zaune a ƙasa. Na ce wa matar da ke kusa da ni makulli ne ya faɗi. Ta ce, "Ga shi can a hannunka, Malam."

Baƙin hannuwan ya fita. Ranar da ya nuna min ban gane su ba: sun yi fari-fari, sun yamutse, har ga wani tsohon tabo a babban yatsa wanda shi kansa bai san da shi ba. Sista ta duba farce ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta ce ya wuce. Ya wanke hannu a famfo, ya sa shuɗiyar riga, ya shiga. Ina kallo ta taga. Ya tsaya gaban kwalbar. Sista ta buɗe. Sai na ga ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su. Ta yi masa magana, bai motsa ba. Ta sake. Sai ya juya ya fito, ya cire rigar ya rataye ta a inda ya same ta, ya tafi ƙarshen baranda ya jingina da bango.

Na bi shi da bakina a buɗe, ina cewa labulena ya sha wanki a banza ke nan. Sai ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga gare shi.

"Yaya, na taɓa karya notin mota da hannun nan. Ɗaurewa kawai nake yi. Ban ji komai ba, sai gani na yi ya rabu biyu." Ya dubi tafinsa. "Da baƙin yana nan, ai ba ni na ƙi ba. Sista ce ta hana."

Da na rasa ta cewa sai na koma abin da na saba. Na je na sami Sista na ce, tun da ni ne bakinsa, ba abin da zai hana in zama ƙirjinsa. Ni hannuna ya saba da kunnen yara da reza, ban taɓa yanke na kowa ba, sai sau ɗaya, shi ma yaron ne ya juya. Ta dube ni, ta leƙa baranda inda Shiru yake, sannan ta ce, "In uban ya yarda, kuma sai yana tsaye a wurin." Shiru ya gyaɗa kai ya yarda.

Na wanke hannu har gwiwa, aka zaunar da ni a wata kujera mai jingina, aka ce in buɗe riga. Tumbina ya fito ya gaida jama'a. Wata uwa da ke kujerar gefe da nata jaririn ta kau da kai tana danne dariya. Sista ta ɗauko 'Yar Gaggawa da wayoyinta, ta kwantar min da ita a ƙirji, ta lulluɓe mu da zane. Ba nauyi ko kaɗan, sai ɗumi da wani ɗan motsi kamar na kifi. Faratanta suka taɓa fatata. Tsoro ya taso min tun daga yatsun ƙafa, kuma ka san ta inda yake fita.

Na fara gabatar mata da dangi. Na gaya mata wanda za ta riƙa gaisarwa da wanda za ta riƙa ɓoye wa abinci. Na ce ta kwantar da hankalinta, gashin da ba ta da shi ni ma ba ni da shi, kuma ga ni na yi aure. Abin ya ba ni dariya ni kaɗai, tumbina ya kama rawa, yarinya tana hawa tana sauka kamar tana bayan mota a hanya mai ramuka. Ta yamutsa fuska, ta baza yatsu. Daga wajen wata kwalba Sista ta ce, "Malam mai aski, rufe bakin nan."

Na rufe. Ban san yadda ake numfashi da baki a rufe ba, sai na riƙe numfashin ma gaba ɗaya. Gumi ya karyo min a sanƙo. Ina cikin wannan hali sai na ji ɗan motsin nan ya tsaya. Na'ura ta ɗauki ƙara. Na buɗe baki in kira Sista, kuma a karo na farko tun da aka haife ni ba abin da ya fito.

Sista ta riga ta taho, amma akwai wanda ya fi ta kusa. Wani farin hannu yamutsattse ya shigo ƙarƙashin zanen, yatsa ɗaya ya sami tafin ƙafar ya shafa a hankali, daidai yadda ya yi ta ganin ana yi ta taga. 'Yar Gaggawa ta ja iska, ta yi wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Na'ura ta yi shiru.

Sista ta duba yarinya, ta duba na'ura, sannan ta dubi Shiru, wanda ke kallon yatsansa kamar na wani ne.

"Ta karye?"

Ya girgiza kai.

"To buɗe riga." Ta juyo gare ni. "Kai kuma tashi. Ka yi ƙoƙari, amma tashi."

Ya zauna a sandare kamar wanda za a ɗauka hoto. Da aka kwantar masa da ita, tafin hannunsa ɗaya ya rufe ta daga wuya har ƙugu. Ya daɗe a haka ko ƙifta ido ba ya yi. Ina maɓalla rigata a karkace sai na ji wani sauti ƙasa-ƙasa. Sista ta tsaya ta karkata kunne, ta fara bin na'urori ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda ta lalace.

Na ce, "Sista, ba na'ura ba ce. Shi ne. Haka yake yi in yana aiki."

Ta saurara kaɗan. "A bar shi. Kai dai ka fita."

Ba zan ce daga ranar ta daina manta numfashi ba, don ba haka aka yi ba. Ta sake, ta kuma sakewa, sai dai tazarar tana ta faɗi har aka daina jin ƙarar daga kwalbarta. Uwarta ta samu sauƙi ta fara saukowa, tana tafe tana dafa bango, suka riƙa karɓa-karɓa da mijinta a kujerar nan. Aka fara ba ta nono da ɗan kofi, tana lasa tana furzarwa, sannan wata rana ta kama na uwarta da kanta, aka zare robar hanci. Aka fito da ita daga kwalba zuwa ɗan gado marar murfi, aka sa mata rigar da har yanzu ta yi mata yawa. Ni an mai da ni taga. A nan na buɗe reshe: duk sabon uban da ya zo yana rawar jiki, ni ke yi masa bayani, a matsayina na wanda ya taɓa shiga.

Ranar sallama Sista ta fito da yarinya a naɗe, ta miƙa wa uwar, ta ce, "Akwai abubuwan da za a kiyaye a gida. Wa zan yi wa bayani?"

Na gyara murya. Har na ɗaga yatsa.

"Ni," in ji Shiru.

Ta yi masa bayanin ɗumi, da shayarwa, da hana 'yan barka ɗaukarta hannu-hannu, da ranar dawowa awo. Yana ji yana gyaɗa kai. Da ta gama har tambaya ya yi, da bakinsa, a gabana: "In ta manta numfashi a gida fa?"

"Da muna tsoron haka da ba mu sallame ta ba. Amma in ta yi, ka san abin da ake fara yi, sannan ku kawo ta nan da nan."

Ya karɓi 'yarsa daga hannun matarsa don ta ji daɗin taka matakala. Ni aka ba baho da filas da jakar zannuwa, na biyo su a baya ina ba baranda labari.

Ya koma gareji, baƙin mai ma ya koma gidansa, sai dai yanzu haya yake yi, ba ya kwana. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zauna gaban baho ya wanke kayan 'Yar Gaggawa kaf, ya duba faratansa a haske, sannan ya shiga ya ɗauke ta. Da na ga haka, na ce tun da ruwa da sabulun suna nan ai ba laifi, na aika masa da tawul ɗin shago. Da yamma matarsa ta dawo min da su a ninke, yadda na aika su, ko ruwa ba su gani ba.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Bai ce komai ba, Yaya. Amma na ji."